Abin da Na Koya Wajen Mayar da Motar Fetur ta Koma ta Lantarki

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, maganar mota mai lantarki ta sauko daga bakin 'yan boko ta shiga garejin unguwa. Labarin Mustapha Gajibo, wanda ke mayar da ƙananan bas-bas su koma lantarki a Maiduguri, ya ƙara wa mutane ƙarfin gwiwa. Ni da wani abokina mai wayarin mota mun yi namu a gida da tsohuwar Toyota Starlet, kuma aikin bai tsaya inda yawancin mutane ke zato ba.

Sauke inji wasa ne ga kowane bakanike. A cire shi, a cire lagireto, salansa da tankin mai, a bar giya a wurinta. Injin lantarkin da zai maye gurbinsa ma ba shi da wuyar samu. Abin da ke buƙatar gwani shi ne farantin ƙarfen da zai haɗa shi da giyar. In ya karkace ko da kaurin takarda ne, motar za ta riƙa rawa har ta ci boris. Wannan aikin mai injin feƙe ƙarfe ne, irin na Panteka a Kaduna, ba na mai waldar ƙofa ba.

Batir shi ne aikin, shi ne kuma kuɗin. Kafin a sayi ko da waya ɗaya, sai an san kilomita nawa motar ke yi kullum. Ƙaramar mota a cikin gari tana cin kilowat-awa (wato yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa) 12 zuwa 15 a kilomita 100. Mai zirga-zirgar kilomita 40 a yini, batir mai kilowat-awa 10 ya ishe shi har da rara. Idan irin batirin mota na dalma ne, nauyinsa zai kai wajen kilo 300, kamar an ɗauki manya huɗu da ba sa sauka har abada, ga shi ba ya son a zuƙe shi sosai. Na litiyom, nau'in LiFePO4, bai wuce kilo 100 ba. Ƙananan batura ne, wato ƙwayoyi, ake jerawa su zama babban batir; kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.2, mu mun jera 24 muka samu kusan bolt 77. Na zaɓi wannan nau'in saboda ya fi sauran jure zafi kuma bai cika kamawa da wuta ba, domin wanda ya san ranar watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ba zai yi wasa da wannan ba. Ƙwayoyin gwanjo suna da araha, amma rubutun jikinsu ba shaida ba ne. Sai an cika kowace ɗaya, an sauke ta, an auna. Raguwa guda a cikin jerin ita ce za ta yanke wa dukkansu nisan tafiya, shi ya sa na'urar da ke sa ido a kan kowace ƙwaya ba wurin tsimi ba ce.

Sai hidimomin da injin fetur ke yi a ɓoye. Shi ke zuƙar iskar da ke sa birki ya yi laushi; da an cire shi, birki ya koma kamar taka dutse, dole a saka ƙaramin famfon zuƙa na lantarki. Shi ke cajin batirin fitila, oda da waifa, don haka ana buƙatar na'urar da za ta sauke wutar babban batir zuwa bolt 12. Tamu ba ta da sitiyari mai mai, da ƙarin wani aikin ne.

Abokina ya saba da bolt 12, inda kuskure ba ya wuce tartsatsi. A nan kuwa lokacin tashi wutar na haura amfiya 200, wayoyin ma kaurin na injin walda ne. Sifana ta faɗa kan kawunan batir, narkewa za ta yi. Muka naɗe kayan aiki da salatif, ba agogo ba zobe, muka kuma sa fis na wutar batir, domin na wutar gida ba lallai ya iya yanke tartsatsinta ba.

Caji ne ya fi jawo gardama da masu zuwa kallo. Kowa sai ya ce a ɗora sola a rufin motar, shi ke nan. Faranti ɗaya mai wat 400, in rana ta yi kyau, abin da zai tara a yini bai wuce kilowat-awa 2 ba, wato tafiyar kilomita 15 ko ƙasa da haka. Soket na gida zai cika batirin cikin awa huɗu zuwa biyar, in wutar NEPA ta zauna. A tayar da janareta kuwa, an koma gidan mai ta bayan gida. Mu a rufin ɗaki muka jera farantan, motar kuma tana shan caji daga hantsi zuwa la'asar, a ranakun da ba a fita da ita da wuri.