Maganin gyangyaɗi ba ya buɗe maƙogwaro

Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci matsala biyu yake zuwa da ita asibiti, kuma aiki ya koya mana raba su. Ta dare ita ce tushe: tsokar harshe da ta ganda su saki, hanyar iska ta toshe na daƙiƙa 10 ko fiye, oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi ba tare da ya sani ba. In hakan ya kai sau 30 a awa ɗaya, ciwon ya yi tsanani. Ta rana kuwa ita ce gyangyaɗi a ofis, ko a kan sitiyari a hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Histamin, wani sinadari da jiki ke samarwa, matsalar ranar ya fi shafa. Ƙwayoyin jijiyar da ke samar da shi suna can ƙasan ƙwaƙwalwa, a sashen baya na wurin da ake kira haifotalamus. Suna aiki idan mutum na farke, su yi tsit in barci ya yi nisa. Histamin ya sauka a kan makarɓinsa na H1, mutum ya wartsake. Wani makarɓin nasa kuwa, H3, wanda masu bincike a Faransa suka gano a 1983, birki ne da ke rage fitarsa. Maganin pitolisant wannan birkin yake sassautawa. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2021 don gyangyaɗin masu wannan ciwo: miligiram 4.5 da safe a fara, ba a wuce 18. Yana iya rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, kuma sai an yi hattara da mai matsalar bugun zuciya. Maƙogwaron kuma yana nan yana toshewa kowane dare, hawan jini na ci gaba da ɓarna.

A nan Kaduna, inda aka fi yin kuskure shi ne a wajen kemis. Da hunturu ya kama, mura ta yi yawa, sai Piriton da Phenergan. Dukansu suna ratsawa cikin ƙwaƙwalwa su toshe H1. Haka cyproheptadine da ake sha don ƙiba, wanda ya fi muni, tunda yana buɗe ciki, kitsen wuya ya ƙaru. Saboda haka kafin a cika wa mutum tambayoyin Epworth guda 8 na auna yawan gyangyaɗi, a tambaye shi: "Alhaji, me kake sha da dare?" Makin da ya haura 10 zai iya zama na Piriton ne. Loratadine bai cika sa barci ba. Diazepam, codeine da tramadol kuwa a nisance su.

Na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci lokacin barci, ita ce har yanzu ke riƙe hanyar iska a buɗe, sai dai a tambayi batun wuta kafin a rubuta ta. Ba inbata ko sola, za ta ƙare a cikin kwali. Mai ƙiba kuma, Amurka ta amince da allurar tirzepatide a Disamba 2024, shi ma ta hanyar rage nauyi yake sauƙaƙa toshewar.