Toshe yoyon iska a huhu da jinin majinyacin kansa

Idan bututun ƙirji, wanda ake sakawa don fitar da iska ko ruwa daga kewayen huhu, ya haura kwana 5 amma kwalbar ruwan da aka haɗa shi da ita a ƙarƙashin gado tana ta kumfa duk sanda majinyaci ya yi tari, ramin da ke huhun ya ƙi rufewa da kansa ke nan. Waɗanda muka fi gani a wannan hali su ne wanda aka yanke wa wani sashe na huhu, da wanda huhunsa ya huje ya lotse saboda tsohon tarin fuka ko shekarun shan taba. Da yawansu ba su da ƙarfin shiga ɗakin tiyata. Su ne muke ɗiban jininsu mu zuba musu ta bututun.

Wani likita mai suna Robinson ne ya fara bayyana dabarar a 1987, likita Dumire da abokan aikinsa suka yi amfani da ita ga yoyon da ya ƙi tsayawa a 1992. Jinin yana daskarewa a bakin ramin kamar facin taya, daga baya kuma ya manne tantanin huhu da bangon ƙirji. Hodar talk, wadda ita ma ake zubawa don manne su, ba ta aiki sai huhu ya buɗe ya taɓa bangon, ga zafi mai sa mutum gumi. Jini kuwa yana kamawa ko da akwai ɗan rata, kuma da wuya majinyaci ya ce ya ji ciwo.

Kafin mu fara mukan duba ruwan da ke fita ta bututun. In ya yi gurɓi-gurɓi ko da alamar mugunya, ko majinyacin na zazzaɓi, sai mu fasa, don jini abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Mukan duba yawan jininsa, mu kuma ɗauki hoton ƙirji mu tabbatar bututun na inda ya kamata.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya na gwiwar hannu da kanula mai lamba 18 ko wadda ta fi ta faɗi, yana jan jini da sirinji mai mil 50. Ɗayan na gefen ƙirji da safar hannu mai tsabtar tiyata, ya goge mahaɗar bututun da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya haɗa famfo mai baki uku. Ma'aunin shi ne mil 1 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyin jiki, a babban mutum galibi mukan tsaya tsakanin mil 50 da 100. Ba a sa hefarin, maganin hana jini daskarewa, ko kaɗan, tun da daskarewar ake nema. Sirinji na cika ake miƙa shi, a tura nan take, a bi shi da mil 10 zuwa 20 na ruwan gishirin asibiti don wanke cikin bututun.

Saurin nan shi ne rabin aikin. Ƙaramar kanula tana ja a hankali, kafin sirinji ya cika jinin ya fara kauri, ka danna ya ƙi tafiya. In hakan ta faru mukan yar da shi mu ɗebi sabo, ba ma tura gudan jini da ƙarfin tsiya.

Sai babban darasin: ba a matse bututun. Hannu kan so ya kai ga abin matsewa don kada jinin ya dawo, amma huhun yana ci gaba da fitar da iska, in ta rasa hanya sai ta taru ta danne huhu da zuciya. Abin da muke yi shi ne mu ƙara tsawon tiyon da ya haɗa bututun da kwalba, mu rataye shi a sandar ƙarin ruwa kamar santimita 60 sama da ƙirji, sannan ya gangaro zuwa kwalbar da ke ƙasa. Iska za ta haura ta fita, jini kuwa nauyinsa ya hana shi hawa. A kashe injin zuƙa. A bar shi haka awa 2 zuwa 4, majinyaci na juyawa dama da hagu, sannan a sauke tiyon.

A awannin nan dole wani ya zauna kusa. Kumfa ta ɗauke farat ɗaya ba kullum albishir ba ne. In ta ɗauke, ruwan da ke cikin tiyo ya daina hawa da sauka da numfashi, majinyaci ya fara haki, bugun zuciya ya ƙaru, ko fatar wuya ta kumbura tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa, to gudan jini ya toshe bututun. A sauke tiyon, a wanke da ruwan gishiri, in bai buɗe ba a sa sabon bututu ba jira. Siririn bututu, irin mai lamba 12, shi ya fi yin haka, shi ya sa muka fi sakin jiki da mai faɗi.

Washegari mukan ce, “Baba, yi mini tari mai ƙarfi,” ido na kan kwalba. In babu kumfa na tsawon awa 24 kuma hoto ya nuna huhu a buɗe, sai a cire bututu. In ta ragu kawai, mukan maimaita bayan awa 48, har sau biyu ko uku. Ɗan zazzaɓi a daren farko ba abin mamaki ba ne, amma wanda ya zarce kwana biyu sai a nemi mugunya. Ramin da ya haɗe da babbar hanyar iska, wanda kwalba ke tafasa ko majinyaci bai yi tari ba, da wuya jini ya riƙe shi, wannan likitan tiyatar ƙirji muke kira masa tun da wuri.