Ciwon cikin da ba ya jiran gari ya waye

Cikin dare aka buga mana ƙofa, matar maƙwabcina ba lafiya. Na tarar da ita a dunƙule tana riƙe da mara, gumi mai sanyi na keto mata, tafin hannunta ya yi fari fat, tana ta roƙon ruwa. Surukarta har ta jiƙa kanwa. Na ce, "Hajiya, don Allah kar a ba ta komai ta baki, wataƙila tiyata za a yi mata."

Bugun jijiyar hannunta ya haura 100 a minti, kuma da ƙyar ake jin sa. Muka kwantar da ita, muka ɗora ƙafafunta kan filo, muka lulluɓe ta da bargo, ba mu tsaya a kemis ɗin unguwa ba, muka wuce kai tsaye zuwa asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini.

Ashe ƙaramin ciki ne ya zauna a bututun mahaifa ya fashe. Jini na ta zuba a cikinta, ba wanda ya ga ko ɗigo. Alhamdulillah, an yi aiki, an ƙara mata jini, ta farfaɗo.

Abin da ya tsaya mini a rai, a mota kafaɗarta take kuka da ita. Likita ya ce jinin da ya taru ne ke taɓa tantanin ƙasan huhu, zafin ya haura kafaɗa. Macen da al'adarta ta makara, ga ciwon mara, ga jiri, ga kafaɗa, a fita da ita nan take. In babu mota a kira lambar agajin gaggawa, 112.