In hadari ya haɗo, sauke jirginka

Ƙannena masu tashin ƙananan jirage marasa matuƙi don ɗaukar hoto, akwai kurakuran da mu na gaba muka tafka har aljihu ya ji a jikinsa, ba sai kun maimaita su ba. Babban cikinsu shi ne tsayawa jiran ɗigon ruwa kafin a sauke jirgi. Iska ta fi ruwa cinye jirage, kuma ita ke fara isowa.

Buɗe takardar jirginka ka duba ƙarfin iskar da yake iya jurewa. DJI Mini 4 Pro, wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba, mita 10.7 a sakan aka rubuta masa, Mavic 3 kuwa mita 12. Wannan iyaka ce, ba a wasa a bakinta. Sannan iskar da ke taɓa fuskarka ba ita ce a sama ba, don gine-gine da bishiyoyi sun tare maka ita, a tsayin mita 100 kuwa babu mai tare ta. In ka buɗe manhajar hasashen yanayi, ƙarfin iskar da ke bugowa kwatsam za ka duba. Ni dai in ya wuce kashi biyu bisa uku na gudun jirgin, a jaka yake kwana.

Kuskuren da na fi jin haushinsa shi ne tafiya inda iska ta nufa. Jirgin zai yi ta sheƙa gudu, batir ba ya motsi, sai ka saki jiki. A dawowa ake yin ta. A ce jirgin na gudun mita 12 a sakan, iska mai mita 10 tana tunkuɗo shi, ka ga mita 2 kawai yake ci. Kilomita ɗaya zai ɗauke shi fiye da minti 8, injinan huɗu suna aiki iya ƙarfinsu, batir na zuba kamar an huda shi. Don haka ka fita kana fuskantar iska, ta rako ka gida. In kuwa aikin gama ya gama, kada ka danna maɓallin komawa gida ka naɗe hannu, domin yakan ɗaga jirgin zuwa tsayin da ka saita, can inda iskar ta fi ƙarfi. Rage tsayi, tura maɓallin rimot zuwa harafin S don ƙarin gudu, amma ka sani a nan jirgin ya daina kauce wa bango da reshe da kansa. Ya ƙi matsowa? Sauke shi a fili mafi kusa, ka bi taswira ka ɗauko.

Sanyin nan mai daɗi da ke kaɗowa kafin ruwa ya tsuge, iska ce da ta faɗo daga cikin gajimaren ta bazu a ƙasa. Tana juya alkibla nan take, tana iya danna jirgi ƙasa. Da ka ji ta, lokaci ya ƙure.

Tsawa kuwa, kai ne abin ji, ba jirgin ba, tunda kana tsaye a fili. Ƙirga daga walƙiya zuwa ƙara: kowane sakan 3 kusan kilomita ɗaya ne. In bai kai sakan 30 ba, shiga gini ko mota, kuma kada ka fito sai an yi minti 30 ba a ji cida ba.

Yawancin jiragen hoto ba a toshe su daga ruwa ba, ko yayyafi yana shiga ta ƙofofin shan iska ya haɗa wuta a allon lantarki. In ya jiƙe, zare batir nan da nan. Kada ka kunna wai don ka gani ko yana aiki, wannan gwajin ne ke ƙone shi. Goge shi, cire farfelu da katin hotuna, ka ajiye shi inda iska ke ratsawa aƙalla kwana 2, ban da rana mai zafi ko na'urar busar da gashi. Batirin da ya kumbura ko ruwa ya shige shi, kada ya sake ganin caja.