Tamfol ɗin da na saya da kuɗina ya kusa ƙarar mini da kaji

Yau kwana tara ke nan ina shiga ɗakin dinyoyi bayan sallar asuba, in durƙusa in damƙi shimfiɗar ɓuntun da ke ƙasa, in buɗe hannu ta zube warwar kamar gero. Wanda bai sha abin da na sha a watan Disamba ba zai ce mene ne abin murna a nan. Ni kuwa da na fito yau sai da na tsaya a tsakar gida ina murmushi ni kaɗai, har mai ɗakina ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Ɗakin mita 3 ne a 4, a bayan gidana nan gefen Zariya. Bulo ya kai ƙugu, daga nan zuwa kwano raga ce. A cikinsa nake kwanar da dinyoyi huɗu, toro ɗaya da mata uku, irin masu ƙulu a goshi, tare da kaji 14. Zabi kam ba ruwansu da ɗaki, kan darbejiya suke kwana ko me ake ciki. Awaki uku suna rumfar da ke jingine da bangon. Tun damina haka muke zaune lafiya lau.

Ƙarshen Nuwamba hunturu ya sauko. Kun san yadda yake yi, dare ɗaya ka tashi ka ga hazo ya rufe gari, leɓe ya fara tsagewa. Ma'aunin zafin da na rataye a bakin ƙofa ya nuna mini digiri 13 da asuba, bayan kwana biyu 11. Iska tana shigowa ta ragar arewa da gabas tana tayar wa kaji gashi. Tausayi ya kama ni. Na je kasuwa na sayo tamfol mai kauri naira 21,000, kuɗin da har yanzu in na tuna sai na ji shi a ƙirji, na kira kafinta muka naɗe ɗakin ruf, ɓangare huɗu, daga bulo har kwano. 'Yar kafar da ta rage a saman ƙofa ma na cusa mata buhu. Da na shiga daren nan na ji ɗumi, na ce to madalla, bana na yi wa sanyi dabara. Saboda ɗumin nan ne ma na kwaso 'yan tsaki 20 masu sati uku daga sito, na killace musu kusurwa ɗaya da kwali.

Ba a yi kwana goma ba kaji suka fara atishawa. Sai ido ya fara ruwa, da 'yar kumfa a gefensa. Da dare in ka kasa kunne sai ka ji wata ƙara a maƙogwaronsu kamar minshari. Ƙwai daga takwas ko tara a rana ya dawo uku. Hankalina ya tashi, don kowa ya san wannan ne lokacin da cutar Niyukasul ke share akurki a ƙasar nan, ko da yake na ba su rigakafinta, LaSota, tun farkon Nuwamba. Na sayo magani kala biyu na zuba a ruwa kwana biyar, naira 9,500, ko gezau. Sai na ce ai sanyi ne bai bar su ba. A nan na tafka wautar da nake jin kunyar faɗa, amma gara in faɗa. Na hura gawayi a kurfot, na sa shi tsakiyar ɗakin a kan bulo, na ja ƙofa na tafi na kwanta.

Da asuba na tarar da 'yan tsaki shida a miƙe. Manyan kajin suna kan sandar kwana amma sun yi laƙwas, ko motsin kirki ba sa yi. Ni da na yi minti biyar kacal a ciki na fito kaina na sarawa. Duk shekara muna jin labarin mutanen da suka kwana da gawayi a rufaffen ɗaki ba su tashi ba, har wa'azi nake yi wa yara a kai, amma ban taɓa kawo wa raina cewa kaza ma huhu gare ta ba. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi. Garin neman ƙiba na samo rama.

Na fitar da kurfot, amma tamfol na nan, don har lokacin ban zarge shi ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne ƙasa a jiƙe take. Garin katakon da na shimfiɗa ya dunƙule ya zama kamar ƙullin danwake, musamman kewayen bahon ruwan dinyoyi. Wani maƙwabci ya ce in barbaɗa toka ta tsotse laimar. Na kwaso tokar murhu bokiti guda na barbaɗa. Jama'a, kada wanda ya gwada wannan a rufaffen wuri. Washegari zarnin ya ninka, har hawaye yake sa mutum. Daga baya na gane dalili: toka da farar ƙasa suna sa kashin kaji ya saki zarninsa da sauri, ba kashe shi suke yi ba.

Wadda ta warware mini zaren goggona ce, ƙanwar mahaifina, da ta zo daga ƙauye ganin asibiti ta kwana biyu wurinmu. Na kai ta in nuna mata aikin tamfol, ina ɗan taƙama. Tana tura ƙofa ta ja baya ta rufe hanci da gefen mayafi.

"Kai ɗan nan, wannan akurki ne ko masai?"

Na ce, "Goggo, sanyi nake tare musu."

Ta ce, "Durƙusa. Kai kanka inda kan kazar yake, ka ja numfashi."

Na durƙusa. Wallahi ban iya jan na biyu ba. Ni kullum a tsaye nake shiga, kuma hancina ya riga ya saba. Ta ɗaga sandarta ta nuna mini kwano. Cikinsa duk ya yi gumi, yana ɗiga ɗis ɗis a kan shimfiɗa. A tsakiyar hunturu fa, lokacin da in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe ƙamas. Ta ce tun tana yarinya zana ake kewaye akurki da ita, ba ta taɓa ganin an naɗe tsuntsu a leda kamar kayan miya ba. Sannan ta dubi toron da ke ta miƙa wuya yana mata huci ta ce, "Wannan kuma da ka rufe, ya ce maka yana jin sanyi?"

Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Dinyoyi masu ƙulu a goshi tsatsonsu wata dinyar daji ce da ke hayayyafa a Mongoliya da arewacin ƙasar Sin, na Turai kuma daga wata mai ruwan toka suka fito, kuma can a kan ƙanƙara suke yawo abinsu. Lallausan gashin da ke ƙarƙashin fuka-fukansu shi ake cusawa a wasu rigunan sanyin nan masu kumburi da muke saye a gwanjo. Wato tsuntsun da kakanninsa suka fito daga Mongoliya na kashe wa naira 21,000 don kada digiri 11 ya taɓa shi. Abin da dinya ke so da dare bai wuce busasshiyar ƙasa, da bangon da zai tare mata iska, da ƙofar da kare ko ɓarawo ba zai buɗe ba.

Kuma ita ce ke jiƙa ɗakin. Ku da kuke da agwagi kun san halin. Ba shan ruwa kawai take yi ba, sai ta tsoma kai, ta fesa, ta watsa a baya, in bahon ya ɗauke ta ta shige ciki. Baho mai lita 20 nake cika musu da magariba, da safe in tarar da shi kusan wayam, ina ta murna wai suna shan ruwa sosai. Ashe rabinsa a ƙasa yake ƙarewa. Ga kashinta mai ruwa-ruwa, kuma a ƙasa take kwana, ba ta hawa sanda. Da damina raga a buɗe take, iska na kwashe komai. Da na rufe sai laima ta rasa hanyar fita, ta hau ta taru a kwano mai sanyi, ta ɗigo ta dawo. Ɗumi da laima da kashi, shi ke nan an haɗa tukunyar zarni.

Likitan dabbobin da na kai wa kaji biyu ya tabbatar da maganar Goggo da nasa harshen. Babu koren zawo, babu murɗewar wuya, babu mutuwar manya, don haka ya ce bai ga alamar Niyukasul ba. Amoniya ce, in ji shi, wato iskar zarnin da ke tashi daga kashin tsuntsaye, kuma da ta kai kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki ta fara yi wa kaza illa: tana ƙona ido, tana kashe 'yan siraran gashin da ke share ƙura daga maƙogwaro. Ka ga a lokacin da ƙura ta fi yawa a shekara na lalata musu tsintsiyar. Ya kuma yi mini faɗan haɗa dinya da kaji a ɗaki ɗaya, ya tuna mini yadda murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, ya ce tsuntsayen ruwa kan ɗauki cutar ba tare da sun nuna alama ba. Ban da ta cewa.

Gyaran bai tafi a jere kamar yadda na tsara ba. Na yi niyyar in fara da raba ɗaki, amma zarni bai bar ni ba, ranar nan na sa wuƙa na yage tamfol na kudu da na yamma gaba ɗaya. Na arewa da na gabas, inda iskar ke bugowa, na bar su amma na sauke su, na bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsu da kwano. Iska ta bi ta sama ta wuce, ba ta dukan kaji a kan sanda, don na sauke sandar ita ma ta dawo ƙasa da bakin bulo. Kudu na jingina zana biyu, da dare kawai. Muka kwashe shimfiɗa baro bakwai, ni da babban ɗana, muka bar daɓen ya sha iska wuni biyu, dinyoyi suka kwana a zaure suka hana kowa barci. Garin katako na daina, ya cika laushi kuma yana ƙara ƙura. Ɓuntun shinkafa na ɗebo daga injin casa, na zuba shi da kauri har ya rufe idon sawu.

Maganar ruwa ita ta fi ba ni wahala, don zuciyata ta ƙi yarda in kwanar da tsuntsun ruwa babu ruwa. Na fara gwada jarka mai lita 25, na yanke mata taga a gefe yadda kai da wuya kawai za su shiga. Ta rage ɓarna amma ba ta hana ba, toron ya koyi cika baki ya ja baya ya fesar. Na ɗora ta a kan raga bisa tsohuwar taya da kwano a ƙasa, suka ture ta a dare na biyu. Daga ƙarshe na haƙura na fitar da ruwa da abinci duka daga ɗakin. Duka biyun fa, kada ka bar dusa ka ɗauke ruwa, shaƙe su za ta yi. Suna ci su sha su ƙoshi kafin magariba, in rufe, da asuba in buɗe su ruga wurin jarka. Manya nake nufi, ban ce a yi wa ƙanana haka ba. Wanka kuma sai hantsi ya dubi ludayi, wajen ƙarfe 11, in cika musu baho a can gindin ayaba, su tsoma kai su wanke ƙurar hanci da ido, ruwan ya gangara wa ayabar. Kafin la'asar sun bushe sun gyara gashi.

A kwana na huɗu atishawa ta ragu. Jiya na kwashe ƙwai bakwai. Ma'auni a cikin ɗakin da asuba digiri 12 yake nunawa, kusan daidai da waje, kuma babu wanda ya damu, sai ni da nake shiga da hular sanyi. 'Yan tsaki 14 da suka rage sun koma sito, da taga a buɗe, ina naɗe musu galan ɗin ruwan zafi a buhu su kwanta jikinsa, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Su kam suna bukatar ɗumi da gaske, don a satin farko digiri 32 zuwa 35 suke so, a riƙa ragewa kamar uku duk sati. Kuskurena shi ne auna kowa da mudunsu.

Awaki ba su ba ni ciwon kai ba. Zana a gefen iska, katakon da na ɗaga musu daga ƙasa, harawa da yamma. 'Yar akuyar da aka haifa sati biyu da suka wuce na yanka mata hannun tsohuwar suwaita na zura mata, uwar ta shinshina ta yi tsaki ta ƙyale.

Raba ɗakin dai har yau rabin aiki ne. Raga ce kawai a tsakani, na san ba abin da likita ke nufi ke nan ba, amma bulo sai an yi albashi. Kaza ɗaya, wata wake-wake mai yawan ƙwai, idonta na hagu ya yi fari, da alama ya tafi ke nan, kullum sai ta juya kai take tsintar hatsi. Abin da ke cin aljihuna yanzu ɗanyen ganye ne. Ciyawa ta bushe ƙurmus, dinya kuma in ba kore sai ta fara fige gashin 'yar uwarta. Ina bin masu kabeji da latas da yamma ina kwasar ɓawon da suke zubarwa, sun fara gane ni har sun sa masa kuɗi. Na jiƙa dawa a tire uku tun shekaranjiya ko za ta tsiro in riƙa yanka musu, ɗaya ya riga ya fara tsami. In akwai wanda ya iya tsirar da hatsi a wannan sanyin ba tare da ya yi funfuna ba, ya taimaka mini da yadda yake yi. Ragowar tamfol ɗin kuma mai ɗakina ta gaje shi, tana shanyar kuɓewa a kai.