Bibiyar Mira daga bayan garin Maraɗi

Tauraruwar da na daɗe ina bibiya sunanta Mira. Ja ce, tana cikin rukunin taurarin da masana ke kira Setus, kudu maso yamma da Kaza da 'Ya'yanta. A nan Maraɗi, cikin watan Disamba wajen ƙarfe tara na dare, takan hau kusan tsakar ka, ta ɗan karkata kudu. Wani lokaci ka gan ta ƙarara da ido, bayan 'yan watanni kuma ka neme ta ka rasa sai da madubin hangen nesa. Zagayen nan kwana 332 yake ɗauka, shi ya sa ganiyar haskenta ke matsowa da kusan wata guda kowace shekara. Akwai shekarun da ganiyar ke faɗawa lokacin da rana ke kusa da ita, sai dai a haƙura.

A cikin gari fitilu sun yi yawa, don haka nakan hau babur in bi hanyar Ɗan Isa har in bar hasken a baya. Kayan aikina kaye da biro ne, da ƙaramar tocila da na ɗaure wa jar leda a baki don kada ta kashe mini ido. Ba na cewa "yau ta yi haske" kawai. Ina auna ta da maƙwabtanta da haskensu ba ya wani canzawa: ta kai Menkar, wata tauraruwa mai haske a rukunin Setus ɗin? Ta fi ƙaramar tauraruwar da ke tsakanin Mira da Menkar? Abin da nake rubutawa ke nan, da kwanan wata da yanayin sama.

Hazo shi ne babban maƙaryaci. Daren da hunturu ya taso da ƙura, ƙanena ya leƙa kayen ya ce, "Yaya, ai yau ta mutu." Na ce ya dubi Menkar tukuna. Ita ma ta dushe, ashe samaniya ce ta yi datti. Abu na biyu, jar tauraruwa ba a ƙura mata ido. In ka daɗe kana kallonta sai ta riƙa yi maka kamar tana ƙara haske, musamman in da farin wata. Kallo ɗaya na sauri, ka rubuta. Da na jera abin da na tara, na ga hawanta ya fi saukarta sauri: kusan kwana 100 tana ƙaruwa, kusan 200 tana ja da baya.

Dalilin wannan canjin hasken kuwa tsufa ne. Makamashin tsakiyarta ya ƙare, ta kumbura har faɗinta ya ninka na rana sau 300 da ɗoriya, tana buɗewa tana tsukewa. In ta ɗan huce, wani tururin sinadari yakan taru a samanta ya tare hasken da ido ke gani, kamar toka ta rufe garwashi alhali wutar na nan a ƙasa. Zafin fuskarta wajen digiri 3,000 ne, kusan rabin na rana, nan jan ya samo asali. Nisanta kuwa, hasken da nake gani ya baro ta kimanin shekara 300 da suka wuce.

Wani masanin taurari, David Fabricius, ne ya fara lura da canjinta a 1596, wani masanin kuma, Hevelius, ya raɗa mata suna a 1662. Har yau ƙungiyar AAVSO ta Amurka, ta masu bibiyar taurari masu canza haske, wadda aka kafa a 1911, tana karɓar kiyasin masu kallo da ido daga ko'ina a duniya. Ni dai ina ganin mu 'yan Sahel muna da rabo a nan, don bayan damina, kafin hazo ya kankama, samaniyarmu tas take. Wanda zai fara, ya fara a Oktoba ko farkon Nuwamba, kuma ya san Menkar da kyau kafin ya nemi Mira, don Menkar ɗin ma ja-ja ce, tana ruɗin sabon shiga.