Zaman Jidda da allurar ido

Wanda ya baro Kano ya sauka Jidda, abin da zai fara rasawa shi ne tafiyar ƙasa. A gida daga Fagge zuwa Kantin Kwari ƙafa ce, ko ba ka so sai ka yi gumi. A nan zafi da danshin teku sun fi ƙarfin mutum, daga ɗaki mai sanyi sai mota, daga mota sai shago. Ni kuma tela ne, ɗinkin jallabiya ya kawo ni, sai zaman ya zame mini biyu. Ga cima: tamis da ful da safe, da rana shinkafar kabsa tuli guda da kwalbar lemo a gefe, dabino kuwa ko masallaci ka shiga miƙo maka ake yi. A 2017 gwamnatin Saudiyya ta ɗora wa lemon kwalba harajin kashi 50 cikin 100, amma ban ga ya hana kowa sha a shagonmu ba. Da sugana na zo, a nan dai ta samu wurin miƙe ƙafa.

Kawuna da ya karɓe ni ya daɗe a ƙasar. Shi ya koya mini kada in fita ko nan da can babu igama, wato katin izinin zama, a aljihu, da yadda ake lallaɓa kafili, wato ubangidan da ya tsaya maka a ƙasar. Katin inshorar lafiya da aka haɗo mini da shi kuwa, cikin akwati na jefa shi.

A kan keken ɗinki abin ya bayyana. Layin ɗinkin da na san a miƙe yake sai in gan shi ya karkace a tsakiya, farin yadi da mai ruwan madara suka fara yi mini kama, su kuwa mutanen nan ba sa wasa da wannan bambancin. Da na rufe idon hagu na dubi yaron shagonmu, ina ganin kunnuwansa da hularsa, tsakiyar fuskar ta zama hazo. Ko ɗigon zafi babu.

"Ɗana, gajiya ce," in ji Kawu. "Ka sa kwalli, ka wanke da Zamzam."

"Kawu, na wanke. Ƙofar nan ma a lanƙwashe nake ganinta."

Tabarau ma bai yi komai ba, don matsalar ba a gaban idon take ba. A asibiti aka ɗiga mini maganin da ke buɗe ƙwayar ido, na ɗora haɓa a kan wata na'ura da suke kira OCT, ta ɗauki hoton can ƙuryar idon ba tare da ta taɓa ni ba. Likitan ya juyo mini da allon. A bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske, a tsakiyarsa akwai ɗan wuri da bai fi milimita 5 zuwa 6 ba, sunansa makula, da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura. A lafiyayyen ido wurin yana da ɗan loɓawa. Nawa ya yi tozo, da baƙaƙen aljihuna na ruwa a ciki. Suga ce ta raunana ƙananan jijiyoyin jini suka riƙa yoyo, wurin ya kumbura kamar bangon ƙasa da ya sha ruwan damina.

A layin jira na gane ba mu masu suga kaɗai ba ne. Wani dattijo jijiyar da ke fitar da jini daga idonsa ce ta toshe, hawan jini ya jawo masa. Wata baiwar Allah bayan an cire mata yanar ido kumburin ya biyo, ita maganin ɗigawa aka fara ba ta. Akwai kuma masu kumburin cikin ido.

Ni allura aka rubuta mini, a cikin idon. Da na ji, sai da cikina ya ɗuri ruwa. Ashe aikin bai kai fargabar ba: a kashe zafin wurin da ɗigo, a wanke da aidin, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido, a ce ka kalli gefe, ka ji an ɗan danna, shi ke nan. Sai ɗan ƙaiƙayi da baƙin ɗigo yana yawo a gani zuwa washegari. Maganin yana daƙile wani sinadari ne, VEGF, mai sa jijiyoyin yoyo. Akwai Eylea da Lucentis masu tsada, akwai Avastin, wanda asalinsa maganin ciwon daji ne, ya fi su sauƙi nesa ba kusa ba. Wata-wata ake farawa, in ruwan ya janye a riƙa tazara. Wanda maganin bai karɓe shi ba akan dasa masa ɗan ƙwayar maganin sitiroyid a cikin idon, kodayake tana iya ɗaga nauyin ruwan ido ko ta kawo yana, wasu kuma a haɗa musu da aikin hasken leza. An ja mini kunne: in ido ya yi ja da zafi, gani ya ragu bayan allura, a dawo a ranar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne katin nan na cikin akwati, shi ya ɗauki mafi yawan kuɗin. Muna da 'yan uwa a unguwannin Karantina da Sabil, wasu ma a nan aka haife su, da ba su da takarda. Tsoron a tambayi igama ya sa sai kantin magani da tofi, alhali kumburin in ya daɗe yana kashe ƙwayoyin gani, ko ruwan ya tafi daga baya ba duka ke dawowa ba.

Yanzu layin ɗinki ya kusa miƙewa. Na rage shinkafa, na bar lemo, bayan isha'i nakan taka a bakin teku tare da Misrawa da 'yan Fakistan masu irin ciwona. Kawu, wanda shi ma yake da suga tun kafin in zo, ya yarda a duba masa ido, amma ya rantse ba mai soka masa allura.